Ina so in kafa rumfar abinci a bakin titi a Figil, dan Allah ku ba ni shawara

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa yana lafiya. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa sana'ar abinci da kuma direbobi masu bin hanyar Garwa zuwa Marwa. Ni a Figil nake aure, nan arewacin Kamaru, kuma na daɗe ina soya ƙosai da makala (fanke) ina dama kunun gyaɗa da safe a ƙofar gida, 'yan makaranta da masu moto, wato 'yan acaɓa, suna saye, Alhamdulillah ana samun na sabulu da na gishiri amma dai ba ya wuce nan. To yanzu adashinmu ya kusa zagayowa kaina, in Allah ya yarda zan ɗauki sefa 300,000, kuma ƙanin maigidana yana da shagon faci a bakin babban titi da ɗan fili a gefensa, ya ce in kafa rumfa a wurin ba zai karɓi haya ba sai sana'ar ta tsaya da ƙafarta.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne me zan fara dafawa. Wasu sun ce tuwo da miya kawai, wasu sun ce yanzu mutane shinkafa da taliya suke so, wata maƙwabciyata kuma ta ce in ban sayi firigo na sa ruwan sanyi da lemo ba wai babu mai tsayawa. Kuɗin kuma ba zai isa komai da komai ba. Sannan ban san batun takardun meri, wato ofishin magajin gari, ba, kar in fara yau gobe a zo a kwashe min tukwane. Na ƙarshe kuma shi ne ya fi damuna, maigida ya yarda amma surukata ranta bai so ba, ta ce matar aure ba ta zama a bakin titi cikin direbobi. Ba na son in ɓata mata rai wallahi, uwa ce a gare ni, amma yara suna girma kuɗin makaranta na ƙaruwa. Duk mai wata shawara ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Direban Kamiyo:

Wa alaikumus salam. Maman Biyu Allah ya sa albarka a niyyarki. Ni kamiyo, babbar motar kaya, nake ja, Ngaundere zuwa Kuseri, in kaya ya kama har in haye gadar Ngeli in shiga Njamena, don haka Figil ɗinku na san ta kamar yunwar cikina. Bari in gaya miki abin da mu muke dubawa, don ba abin da kuke zato ba ne.

Kafin ki yi maganar tukunya, je ki tsaya a gaban filin nan ki duba da kyau, shin mota mai tirela za ta iya sauka daga kwalta ta faka ba ta tare hanya ba? Kuma da damina ƙasar wurin tana riƙe nauyi ko tana cin taya? In babu wurin faki ko sa guda kike yankawa a miya ba za mu tsaya ba, ba don ba ma so ba, ba dama ne. Kuma direba yana son ya zauna inda idonsa ke kan motarsa saboda masu zuƙe gazuwal (man dizal) da masu kwance batir, saboda haka kar ki zagaye rumfar da zana ta ko'ina har a daina ganin titi. Tunda kusa da mai faci ne ma wannan alheri ne babba, mutum zai bar yaron mota yana fama da taya shi ya zo ya ci abinci.

Sai ruwa. Buta biyu ko uku a cike, tabarma mai tsabta a gefe inda mutum zai yi sallah, da ɗan makewayi a baya ko na zana ne. Wallahi akwai wuraren da abincinsu ba wani abin a zo a gani ba ne amma muna tsayawa kullum don kawai mutum zai yi alwala ya yi sallah ya miƙe bayansa minti talatin. Wanda ya taso daga Garwa da lodi bayan asuba yakan iso wajenku da hantsi, shi ɗumame yake so ko shayi da burodi, amma babban ciniki tsakanin azahar da la'asar ne sai kuma bayan isha'i lokacin da masu kwana suka faka. In na zo ƙarfe ɗaya kika ce min tuwo bai nuna ba in jira, gobe ba zan tsaya ba, kuma zan faɗa wa na bayana a waya kar ya ɓata lokacinsa. Haka labari yake tafiya tsakaninmu, mai kyau da marar kyau, kafin mota ta kai Magada kowa ya ji.

Batun me za ki dafa kuwa ni dai tuwo na ce. Mutumin da ya taso daga Duwala ya yi kwanaki yana cin rogo da ayaba da shinkafa, da ya hayo arewa ba abin da ransa ke so sai tuwon dawa ko na masara da miyar kuka ko yakuwa da ɗan nama mai ƙashi, da yaji a gefe. Ki ajiye shinkafa da wake tukunya ɗaya don yaran mota da mutanen kudu, shi ke nan. Kar ki sa rai da fasinjojin ajans, wato kamfanonin motocin safa, su motocinsu suna da wuraren tsayawarsu da suka saba, in ma sun tsaya ta taga ake sayen soya da dafaffen ƙwai da gyaɗa a wuce. Kuma ki kula da yaran mota, ki ƙara musu miya in sun roƙa, kar ki raina su don kayansu duk baƙin mai. Yaron mota na yau shi ne direban gobe, kuma shi ne yake tuna wa ogansa "mu tsaya wajen matar nan ta Figil".

Hajiya Mai Tuwo Pitowa:

'Yata sannu da ƙoƙari. Jikata ce ta karanta min tambayarki na ce ta rubuta miki abin da zan faɗa, don ni wannan sana'a da ita na aurar da 'ya'yana har na je Makka. Direba ya faɗi gaskiya a kan faki da ruwa, amma ki sani direba baƙo ne, yau yana nan gobe yana Duwala, in hanya ta lalace ko kaya suka yi ƙaranci sai ki yi sati ba ki ga ƙeyarsa ba. Waɗanda za su riƙe ki kullum su ne gwagwaren gari, ma'aikatan da aka turo ba su taho da iyali ba, malaman makaranta, jandarmomi, masu aikin kamfanin siminti da na farar ƙasa da kuke da su a Figil, leburorin lodi, masu moto. Waɗannan sau biyu a rana sai sun ci, damina da rani. Magidancin gari kuwa ba zai zauna a bencinki a gan shi yana cin abincin titi ba, kunya yake ji kar a ce matarsa ba ta girki, amma ranar da matar ta haihu ko ba ta da lafiya ko baƙi suka sauka masa ba shiri, zai aiko yaro da kula. To ki bar wata ƙofa ta baya inda yara za su zo da kula su saya a rufe su tafi ba wanda ya gani. Ni rabin cinikina ta nan yake shigowa in ba ranar Lahadi ba da kasuwarmu ke ci.

Yanzu ki buɗe kunne, abin da ke kashe rumfar abinci a ƙaramin gari bashi ne. Ba rashin ciniki ba, bashi. Kowa ya san ki, kowa ɗan uwan maigidanki ne ko abokinsa, zai ci ya wanke hannu ya ce "Maman Biyu sai ƙarshen wata", ke kuma kunya ta hana ki magana, mahauci kuwa gobe da safe kuɗi zai ce ki kawo. Na ga mata da yawa masu hannun girki sun fi ni nesa ba kusa ba, wata uku suka rufe, littafinsu cike da sunaye tukunyarsu babu komai. Masu albashi ki yi musu tsari tun ranar farko, wanda yake son ya riƙa ci kullum ya ba da kuɗin sati ko na rabin wata a gaba ki rage masa wani abu, in kuɗinsa ya ƙare ki gaya masa cikin mutunci. Dangi kuwa in kin ga dama ki ba su kyauta da bakinki ki ce wannan sadaka ce, ya fi miki a kan a kira shi bashi ki zauna kina jira ranki na ɓaci.

Sai awo. Komai ki auna. Mara ɗaya za ki riƙa kwashe tuwo da ita ba a canzawa, ludayin miya ɗaya, nama ki yanka shi da kanki ki ƙirga yanka nawa kilo ya ba ki kafin ki zuba a tukunya, ta haka za ki san kowane yanka nawa ya tsaya miki. In kika bar hannu ya riƙa zubawa yadda zuciya ta so, za ki ga mutane cike da rumfa kullum amma da yamma kuɗin cefanen gobe bai fito ba. Kuma kuɗin rumfa daban, kuɗin gida daban, ko yara za su ci daga tukunyar ki san malmala nawa suka ci.

Hatsi kar ki riƙa saye tasa tasa a kanti. Da kaka in masara ta shigo, wajen watan goma zuwa sha ɗaya, ki aika a sayo miki buhu, mutanen Ngong suna da ita sosai. Masakwa kuma, dawar rani, sai bayan sabuwar shekara take shigowa daga wajen Marwa, tuwonta fari ne mai daɗi kuma mutanen arewa suna sonsa ƙwarai. Gyaɗa kuwa ga Gidar nan kusa da ku. Ki ajiye abin da zai kai ki watan bakwai da takwas, lokacin da hatsi ke tsada kowa na kuka, a lokacin ne wadda ta yi tanadi take cin riba ba ta rage malmala ba. Kuka, kuɓewa busasshiya, yakuwa, tafasa, karkashi, duk ki shanya su a lokacinsu ki zuba a buhu. Itace ma haka, ki tara kafin ruwa ya sauka, ɗanyen itace da damina zai sa ki kuka da hawaye abinci kuma ya makara. Ki sa a gina miki murhun laka mai rufe iska, ya fi na duwatsu uku rage cin itace sosai.

Da azumi rana babu ciniki sai na waɗanda ba sa azumi, kuma a garinku suna da yawa kar ki manta da su, ki dafa kaɗan da rana, ƙarfinki ki mayar kan kunu da ƙosai na buɗa baki da abincin sahur na direbobi. Wannan ma kin riga kin iya.

Maganar surukarki kuma, tana da gaskiyarta, kar ki ja da ita. Ba dole ba ne ki zauna a gaba. Ki yi madafa a baya a kewaye, ke kina ciki kina tuƙi kina zubawa, yaro namiji mai hankali daga cikin dangi shi ke kai faranti yana karɓar kuɗi, ga ƙanin mijinki a gefe yana gani. Kar ki sa 'yan mata masu tasowa su yi hidimar maza a bakin titi, ko da ciniki zai ninka, ba na son wannan ko kaɗan. Ki je ki durƙusa ki yi mata bayanin wannan tsarin, ki ce ita za ta riƙa ɗanɗana miki miya ta gaya miki in daddawa ta yi. Kullum ki aika mata da nata kwanon tun kafin a sayar wa kowa.

Ɗan Lise:

Tanti ni dai gaskiya ina ganin in tuwo kawai za ki yi to kin bar kuɗi a ƙasa. Masu tuwo sun yi yawa a ko'ina, je ki tasha ki ƙirga. Mu matasa abin da muke nema da yamma shi ne wainar ƙwai da sufageti a cikin burodi, soyayyen dankali, kaza, shayi da madara, da wurin da mutum zai zauna ya sa waya a caji ya kalli ƙwallo. A Figil in dare ya yi ina za ka samu wuri mai tsabta irin wannan in ba ka shiga mashaya ba? Da yawa daga cikinmu ba ma son shiga can amma ba zaɓi. Firigo kuma ni na goyi bayan maƙwabciyarki, watan uku da huɗu zafi yana wuce digiri 40, wanda yake da zoɓo mai sanyi da kindirmo a leda shi ke da kasuwa. Kuma ki buɗe Orange Money ko MoMo saboda mutane da yawa yanzu kuɗinsu a waya yake, sannan ba rigimar canji, kin san yadda ƙananan silalla suke wahala. Ki riƙa sa hoton abincin ranar a status na WhatsApp, ma'aikata za su gani su yi oda tun suna ofis a kai musu da moto.

Direban Kamiyo:

Ɗan Lise maganar kuɗin waya da ta WhatsApp na yarda da kai ɗari bisa ɗari, ni kaina sau da yawa ba na yawo da tsabar kuɗi saboda hanya. Amma talabijin da ƙwallo a'a. Yara goma za su cika benci awa biyu a kan shayi kofi uku, mai cin tuwon 500 ya zo bai samu wurin zama ba ya wuce, ga hayaniya, ga surukarta da ake lallashi ta ji an ce rumfar ta zama majalisar samari har tsakar dare. Wainar ƙwai da shayi sana'ar mai shayi ce, in tana so ta ba wani yaro gefe ya kafa teburinsa da dare su riƙa raba riba ko ya biya ta wani abu, amma ita kar ta raba hankalinta biyu tun ba ta fara ba. Firigo kuma da kuɗin adashi ɗaya? Ga wuta da ke ɗaukewa a lokacin zafin ma da aka fi buƙatarta. Ta sayi randa biyu manya ta binne gindinsu a yashi mai laima a inuwa, da kula babba ta ƙanƙara, in ciniki ya kankama firigo zai sayi kansa.

Malamar Asibiti:

Maman Biyu barka da wannan tunani. Ni a ɓangaren lafiya nake aiki, zan yi magana a kan abin da ba a cika faɗa ba sai an samu matsala. Waɗanda suka ga kwalara ta 2010 da 2011 a arewacin ƙasar nan sun san ba wasa ba ce, kuma kusan kowace damina sai an ji ɓullarta a wani wuri, hanyarta kuwa ruwa ne da hannu da abincin da aka bari a buɗe. Abin da na fi roƙonki, ki bar al'adar nan ta ajiye roba ɗaya da ruwa kowa ya tsoma hannu ya wanke. Na goma da ya tsoma hannunsa dattin mutum tara ya ɗauka. Ki samu bokiti mai famfo ko a riƙa zuba wa mutum da buta ruwan na sauka a wata roba, da sabulu a gefe kullum. Randar sha ma a rufe, moɗa ɗaya mai dogon hannu ta ɗiba, kofunan sha daban, ba kowa ya sha ya mayar da kofi cikin randa ba. Ruwan foraj, wato rijiyar burtsatse, ya fi na rijiya buɗaɗɗiya, in kuma kina shakkar ruwan akwai ƙwayar Aquatabs a famasi, ki bi ƙa'idar da ke jikin takardar ki jira minti 30 kafin a sha.

Wanke wanke roba uku, ta sabulu, ta ɗauraya, ta uku da ɗan javel (ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta), sannan a kife kwanuka a kan tebur ko gado na kara su bushe a rana, ba a goge su da tsumma ɗaya tun safe har dare ba. Da zafi miyar gyaɗa da dafaffiyar shinkafa ba sa jure zama, abin da aka dafa da safe in ya kai yamma a ajiye ba a kan wuta ba zai iya ba mutum gudawa ko da bai yi tsami a baki ba. Gara ki dafa sau biyu kaɗan kaɗan. Ɗumamen da direba yake so ba laifi, amma a tafasa miyar sosai har ta yi ta ɓararraka, ba a ɗan ɗumama ta ba. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna ki tsince ki zubar, kar arha ta ruɗe ki, suna illa ga hanta. Da hunturu kuma ga ƙurar titi, kamiyo ɗaya in ya wuce ya isa, komai a rufe.

Batun meri, ki je da kanki ko maigida ya je tun kafin a kafa rumfa, a tambayi sashen tsabta. Su ne suke zagayawa duba masu abinci, kuma yawanci za su nemi takardar likita da ke nuna an duba lafiyar mai girki da masu taya ta, sai kuɗin wuri da harajin ƙananan sana'a. Duk abin da kika biya ki karɓi rasit ki adana a leda. Ki tambaya kuma nisan da ya kamata ki bari tsakanin rumfa da kwalta, tunda babbar hanya ce ta ƙasa, kar ki kashe kuɗi a gini a zo a sa masa jan fenti.

Baƙo daga Lere:

Salam 'yar uwa. Ni daga ɓangaren Cadi nake, Lere, muna shigowa Figil sosai tunda hanyarmu nan take fitowa. Kar ki manta da mu a lissafinki, direbobin Cadi da 'yan kasuwa masu zuwa sayen siminti da kaya ba kaɗan ba ne. Mu tuwon gero ko na dawa muke so mai ɗan tauri, da miyar kuɓewa mai yauƙi sosai, in da busasshen nama da aka daka a ciki to kin gama da mu. In kin samu wadda ta iya kisar, wato wainarmu ta Cadi mai faɗi marar kauri, ko sau biyu a sati ne za ki ga yadda za a riƙa tambaya. Kuma mu ba ma cin abinci kowa da farantinsa, mutum huɗu biyar za su zauna a tabarma a sa musu tire ɗaya babba, saboda haka ki tanadi manyan tire da farashinsu daban, kar ki tsaya lissafin faranti faranti. Bayan an ci kuma dole shayi, ja mai ƙarfi da sukari a ƙananan kofuna, in babu shi kamar ba a gama cin abinci ba ne. Wannan ba ya cin kuɗi amma shi ke sa mutum ya dawo.

Kifi ma ki duba. Karfasa na zuwa daga Lagdo, namu na tafkin Lere ma yana fitowa, ga banda da ba ya lalacewa da wuri. Ranar da nama ya yi tsada miyar yakuwa da gyaɗa da bandar tarwaɗa ba wanda zai ce miki ina nama. Kuma yaron da zai tsaya a gaba ya kasance yana jin Fulatanci da ɗan Faransanci, in ya iya gaisuwa da ƙirgen kuɗi da Larabcin Cadi ma ya fi, don ba duk mai tsayawa ne yake jin Hausa ba.

Maman Biyu:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Hajiya na karanta wa maigida maganarki gaba ɗaya, ya ce shi da kansa zai raka ni wajen Inna mu yi mata bayanin madafa a baya, kuma akwai ɗan yayarsa da ya gama makaranta yana zaune ba aiki, shi zai tsaya a gaba, yana jin Fulatanci da Faransanci. Filin mun duba, kamiyo biyu za su iya faki amma gefe ɗaya yana riƙe ruwa, ƙanin maigida ya ce za a zuba tsakuwa. Firigo na haƙura tukuna. Ɗan Lise zan buɗe kuɗin waya in sha Allah. Saura tambaya ɗaya Hajiya, kuɗin nan yaya zan raba shi, kuma ranar farko kamar tasa nawa zan tuƙa? Ina tsoron in dafa da yawa ya kwana, ina kuma tsoron ya ƙare mutane su zo ba su samu ba.

Hajiya Mai Tuwo Pitowa:

'Yata ki raba shi uku. Kashi ɗaya rumfa da benci da tabarmi da tukwane da randuna, kuma rumfar ta zana da itace ta isa, kwanon rufi sai daga baya, tukwane ma ki fara da na ɗakinki ki sayi babba ɗaya kawai ta tuwo. Kashi na biyu hatsi da mai da itace da kayan miya. Kashi na uku ki ba maigida ko wata amintacciya ta ɓoye miki kar ki taɓa shi, don watan farko da na biyu akwai ranakun da za ki dafa ba a saye ba, da shi za ki yi cefanen gobe ba ki je wajen mahauci da bashi ba.

Ranar farko tasa uku ta masara ko dawa, shinkafa tasa biyu, miya kala biyu, kuka da yakuwa. Gara ya ƙare da la'asar a ce abincin matar nan ba ya zama, da a ce ya kwana. In ya ƙare kina da talge a gefe, tuƙa wani ba ya ɗaukar lokaci in ruwan zafi na kan wuta. Kullum da dare ki sa yaron ya rubuta malmala nawa aka sayar da kuma lokacin da aka fi cika, bayan sati biyu ke da kanki za ki san awonki na kowace rana, da na ranar kasuwa da na Juma'a. Wanda ya rage ki yi ɗumame da safe ki sayar da rahusa ga leburori, ƙanzo kuma ki shanya, masu kiwo suna saye. Ki fara ranar kasuwar garinku, kuma tun ana jibi ki sa masu sayen ƙosanki na safe su sani, masu moto ɗin nan su za su kai labari tasha.